Hannun Yaya Yana Rawa

Ana sallame sallar asuba muka bar gida, ni da yayata, da jaka ɗaya ta kayanmu, magungunanta kuma suna cikin jakar hannuna. Ku masu bibiyata kun saba in na yi tafiya sai na ishe ku da hotuna. Wannan karon ban dawo da ko ɗaya ba, in kun yi haƙuri kuka kai ƙarshe za ku ji dalili.

Bari in fara da abin da ya fitar da mu. Bara mijin Yaya ya rasu, rasuwar farat ɗaya, ya fita kasuwa da ƙafarsa aka dawo da shi a mota. Ta yi takaba ta gama, 'yan'uwa suka watse, amma ita har yau kamar ba ta fita ba. Matar da in tana dariya sai maƙwabta sun leƙo, ta koma wuni a bakin gado tana kallon bango. Daga baya hannuwanta suka fara rawa, ko kofin shayi ta ɗauka sai ya zuba a zaninta. Muka kai ta asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora ta a kan magani, ya kuma gargaɗe mu kada mu bar ta tana wuni ita kaɗai a ɗaki. Maganin ya yi aiki, ta fara samun barci, tana ɗan taɓa abinci. Sai dai dangin mijinta sun gaji da jira. Baffan yaran, wato yayan marigayin, ya aiko cewa kafin a koma makaranta zai zo ya tafi da 'ya'yanta biyu Zariya ya haɗa da nasa, tunda uwarsu ba ta iya ɗawainiyarsu. Mutumin kirki ne, kuma bai yi ƙarya ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ni dai na san in aka raba Yaya da yaran nan, an gama da ita.

Ana cikin haka wata rana ina tsefe mata kai, sai na ji ta ce, ba ta ko juyo ba, "Ina kewar Minna." A can aka haife mu. Babanmu ma'aikacin jirgin ƙasa ne, sai da ya yi ritaya muka dawo Kaduna, muna 'yan mata. Ban tsaya neman shawarar kowa ba, na kai yaran wajen Hajiyarmu na haɗa kaya.

A tasha kuɗin motar da aka faɗa min sai da na sake tambaya, na ɗauka kunnena ne. Na yi ciniki har bakina ya bushe, yaron mota ya ce, "Hajiya, je ki gidan mai ki yi wannan faɗan." Na biya ina mita. Na samar wa Yaya bakin taga, ni kuma aka matse ni da wata 'yar kasuwa mai zuwa sarin doya, wadda tun kafin mu bar gari ta ba ni tarihin surukarta kaf. Da muka shiga dajin nan na hanyar Abuja sai motar ta yi tsit, kowa ya koma bakinsa yana motsi, har mai surukar. Sai bayan mun wuce Jere aka saki numfashi, wani dattijo a gaba ya fito da goro ya rarraba kamar an yi haihuwa.

Daga mahaɗar Diko muka karkata zuwa Minna, a nan ne bayana ya gane ya bar gida. Damina ta cika ramuka da ruwa, ba ka sanin zurfin rami sai ka faɗa, ga tankokin mai a jere kamar shanu sun nufi mashaya. Amma kyan ƙasar ya biya mu. Ko'ina kore shar, duwatsu sun sha wanka suna ƙyalli, kogin Gurara ya cika ya yi ja yana wucewa a ƙarƙashin gada da ƙarfinsa. A Lambata sabuwar doya ta fito, an kasa ta a bakin titi, mata suna bin mota da gasasshiyar masara da gyaɗa dafaffiya. Na saya wa Yaya masara mai zafi. Ta karɓa ta riƙe ta cikin hijabi, inda take ɓoye hannuwanta tun da suka fara ba ta kunya. Har muka isa Paiko masarar tana nan ta huce.

Mun shiga Minna ta Chanchaga da azahar, zafin garin ya tare mu kamar yadda na san shi, mai ɗanɗano, wanda ke manna riga a baya. Na tsayar da mai keke, ya dube ni ya ce, "Hajiya, ina za ka?" Wallahi sai da idona ya ciko. A Minna kowa yana jin Hausa, Gbagyi da Nufawa da mutanen kudancin Kaduna da Yarbawa, amma kowa da irin tasa, kuma da yawansu mace da namiji duk "kai" ne. Ina yarinya ba ni da aiki sai gyara wa mutane magana, har babanmu yana kirana alƙaliyar Hausa. Ban san ina kewar a ce min "ka" ba sai ranar.

Masaukinmu gidan wata 'yar'uwar babanmu ne a Sauka Kahuta. Tun muna yara sunan unguwar nan yake ba ni dariya, ina cewa wanda ya raɗa shi da maza kaɗai yake, don ban taɓa jin an ce wa mace sauka ki huta ba. Na maimaita wa Yaya wannan tsohuwar barkwancin, ko gezau. Aka kawo mana sakwarar sabuwar doya da miyar agushi da busasshen kifi, maƙwabciyarsu 'yar Bida ta aiko da ƙuli-ƙuli mai yaji, irin siririn nan da ke karyewa ƙaras. Na ci har na ji kunyar kaina. Yaya ta yi loma kaɗan ta wanke hannu.

Washegari na kai ta unguwarmu ta dā, kusa da tashar jirgi. Da ma ban kai ta ba. Layin dogo yana nan, ciyawa ta rufe gefensa, awaki suna kiwo. Gidanmu an yi masa fenti ruwan ɗorawa, an sare mangwaron da muke hawa, an buɗe shagon cajin waya a inda Hajiya take shanya. Filin da muke gaɗa kuwa an cike shi da gini. A filin nan Yaya ce shugaba. Ita ke ba da waƙa muna amshi, kuma in aka zo wajen da yarinya za ta juya baya ta saki jiki ta faɗo a cafe ta, ita ko waiwaye ba ta yi, sai ta rufe ido ta taho gaba ɗaya. Ni ce matsoraciya, sai na leƙa na tabbatar hannuwa suna nan. Na tsaya ina nuna mata, ga nan, ga can, kin tuna? Ta daɗe tana kallon ginin, sannan ta ce, "Mu tafi." Zuciyata ta karye. Na ce a raina na ɗauko mara lafiya na sha da ita wannan uwar hanya don in nuna mata wani abin da ta rasa.

Muna jiran keke sai wata mai sayar da ƙosai ta ƙura mana ido, ta ambaci sunan babanmu. Muka gaisa, ta lissafo waɗanda suka mutu da waɗanda suka tashi. A ciki ta ce Mama Laraba tana nan da ranta, ta koma garinsu Beji. Mama Laraba Bagbagyiya ce, Kirista, mai sayar da dafaffiyar doya a bakin tasha, ɗakinta yana jikin katangarmu. Ita ta yi ta goyon Yaya lokacin da Hajiya take da cikina. Ba ta taɓa wahalar da kanta da sunayenmu ba, Yaya ce Babba, ni ce Karami. Na yi shekaru ina ce mata, "Ƙarama ake cewa, Mama," tana cewa, "To, Karami, na ji." Da mai ƙosai ta ambace ta, sai na ga Yaya ta ɗago kai.

Da safe muka hau motar Zungeru, muka bi ta Bosso da Maikunkele. Hanyar ba ta da nisa. Gonakin doya ne hagu da dama, kowane tudu da sandarsa, ganye ya nannaɗe ta har sama. Muka yi ta wuce matan Gbagyi da kaya a kafaɗa, ba a ka ba, itace ko doya cikin babbar ƙwarya, suna tafe suna hira kamar ba su ɗauki komai ba. A Beji ba mu sha wahalar tambaya ba. Mai niƙa na farko da na tambaya ya nuna mana wata hanya da ta bi bayan coci, ya ce gidan da muka ga bishiyar ɗorawa a ƙofarsa.

Mun same ta a tsakar gida a kan kujera 'yar tsugune. Ta tsufa, ta ƙanƙance, haƙoran gaba sun tafi. Ta kare ido da hannu tana dubanmu, sai ta kurma ihu, "Babba! Karami! Yarana ne? Yesu na gode!" Ta rungume Yaya ta ƙi saki, tana shafa bayanta tana cewa, "Ka rame, Babba. Wa ya ci maka nama?" Na gaya mata rasuwar. Ta share ido da bakin zani, ta sa aka kawo mana doya da manja da yaji, irin wadda muke sata a tukunyarta. Ta ce mu ci da bismillarmu, ba ta manta ba.

Ashe ranar matan unguwa suke taruwa a gidanta ɓarar agushi, yau a gidan wannan, gobe a gidan waccan. Bayan mun yi la'asar a ɗakin jikarta sai ga su suna shigowa da faranti da tabarmi, tsofaffi da masu goyo, wasu da hijabi wasu da ɗankwalin zumuntar matan coci. Aka zube agushi a tsakiya, aka miƙo mana namu rabon, don a gidan nan baƙo ma ba ya zaman banza. Yaya ta fito da hannuwanta daga hijabi ta ɗauki ƙwaya ɗaya. Ta kasa riƙe ta. Ta sake ɗauka, farantin ya karkace, agushi ya watse a tabarma. Nan da nan ta mayar da hannuwan ciki ta sunkuyar da kai.

Na matsa kusa da Mama na rage murya. Na ce, "Mama, a yi mata haƙuri. Tun bayan rasuwar jikinta yake rawa."

Mama ba ta san rage murya ba. Ta ce, "Jikin shi yana rawa?"

Na ce, "Eh, musamman hannun."

Ta ce, "To me ya sa kun rike shi? In jiki yana son rawa, ku bar shi ya yi mana!"

Na buɗe baki zan yi aikina na alƙaliya, in bayyana mata cewa wannan rawar daban, ta makyarkyata ce, ta ciwo, ba ta kiɗa ba. Kafin in haɗa jimlar ta riga ta juya ta yi wa matan magana da Gbagyi. Wata ta jawo baho da ruwa ta kifa ƙwarya a ciki, ta kama bugu da ludayi. Wata ta zuba tsakuwa a gwangwani. Har yau ban sani ba, Mama kuskuren Hausa ta yi ko ta fahimce ni sarai. Na tambaye ta daga baya, ta yi min dariyar wawulo kawai.

Ni dai hankalina ya tashi. Matar da mijinta bai daɗe da rasuwa ba, a gan ta a tsakiyar fili? In labari ya kai Zariya fa, ai mun ba Baffa hujja da hannunmu. Na duba ƙofa, na duba katanga, na ciro waya don in ga lokaci in ce za mu wuce. Mama ta ɗauka hoto zan yi, ta fizge wayar ta tura ƙarƙashin tabarma. Ta ce, "Nan ba a kallo, Karami. Wanda ya zo, ya shiga."

Gaskiyarta kuwa, babu mai kallon kowa. Na saba da rawar biki a manyan ɗakunan taro, inda mace take taka ƙafa tana lissafin wa ke ɗaukarta a waya, ko gwagwaronta ya karkace, ko an ga takalminta. A tsakar gidan nan babu liƙi, babu amarya, babu wadda ta yi kwalliya. Wata tsohuwa kafaɗa ɗaya kawai take iya motsawa, ita take ta motsawa ido a rufe. Wata mai goyo tana juyi ɗanta yana barci abinsa. Wata ƙatuwa tana dirka ƙafa ba ta ko bin kiɗan, babu wanda ya ce mata kanzil. Wata a gefena ta ce min haka suke yi duk ranar aiki, in an gaji ko in wata tana da abin da ya tokare mata ƙirji. Ta nuna min wata siririya mai jan zani, ta ce ɗanta ya rasu da rani, ita ma a zaune ta fara.

Mama ta ja kujerarta gaban Yaya, ta zura hannu cikin hijabin ta kamo hannuwan nan biyu ta fito da su fili. Suna kakkarwa. Ba ta matse su don su tsaya ba, yadda ni nake yi kullum. Sai ta bi su, tana kaɗa nata hannun daidai da nasu, tana gyaɗa kai. Mai ƙwarya ta lura, ta sauya bugu ta koma ƙanana masu sauri, daidai da kakkarwar. Can sai na kasa bambance rawar ciwo da ta kiɗa. Daga hannu abin ya hau kafaɗa. Mama ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa, ta ja ta, Yaya ta tashi.

Da farko ƙafa kawai take ja. Matan ba su yi guɗa ba, ba su buɗe mata fili ba, sai suka matsa kaɗan ta shige tsakaninsu kamar kullum da ita ake yi. Ina tsaye a gefe ina riƙe da takalmanta kamar wata 'yar rakiya. Sai na ga ƙafar dama ta yi wani taku da na sani, taku biyu da tafi, na filin bayan tashar jirgi. Ta yi shi, ta sake. Hawaye suna zuba har haɓarta, ba ta share ba. Sai ta juya min baya, ta ɗaga murya, muryar da rabona da ita tun kafin rasuwar, ta ce, "Ke, tare ni!"

Ta rufe ido ta taho gaba ɗaya. Na watsar da takalman. Ni da mai jan zani da ƙatuwar nan muka cafe ta, nauyinta ya kusa kai mu ƙasa, muka cilla ta gaba ta dira a kan ƙafafunta. Sai dariya ta ƙwace mata, tana kuka tana dariya, matan suka ga wasan ya yi musu, kowa tana so a cafe ta. Har ni aka tura tsakiya. Kuma don kada ku tambaya, eh, na waiwaya kafin in faɗa. Hali ba ya tsufa a wurina.

Yayyafi ne ya tashe mu gab da magariba, aka yi ta rige-rigen kwashe agushi. Yaya tana cikin masu kwasa, rabi yana zubewa, tana ci gaba. Mama ta zauna tana haki, ta jawo ni ta nuna min ita da haɓa. Ta ce, "Karami, ka gani? Babba ya dawo." Gyaran ya zo min har bakin leɓe, na haɗiye shi. Na ce, "Ya dawo, Mama."

Mun kwana a Sauka Kahuta, da safe muka kamo hanya da doyar da Mama ta ɗora mana dole. Ba zan yi muku ƙarya ba, Yaya ta tashi jikinta a sanyaye, har Paiko ba ta ce uffan ba, na fara cewa ko jiya mafarki na yi. A Lambata na leƙa ta taga na sayi masara. Ina miƙa kuɗi sai na ji an ce, "An cuce ki. Kullum sai surutun ciniki, ba ki iya ba." Yaya ta karɓi masarar ta cinye tas, ta bar min totuwa.

Mun iso Kaduna da yamma lafiya. Yaya tana nan tana shan maganinta, ranar ganin likita ma ba mu fasa ba, kuma akwai ranakun da bangon nan yake sake kiranta. Abin da tafiyar ta koya min shi ne, duk watannin nan ina ta ƙoƙarin in tsayar da hannunta ne, ina rufe shi, ina ba mutane haƙuri a kansa, har na koya mata jin kunyarsa. Mai damuwa tana bukatar magani, tana kuma bukatar wuri ɗaya da za ta motsa yadda jikinta ya ga dama ba tare da an zuba mata ido ba. Mu a unguwarmu ba mu da irin wannan wurin, kowa ya kulle get ɗinsa. Ina kewar tsakar gidan nan na Beji kamar a can aka yanke min cibiya, kuma da na tuna shekarun Mama sai gabana ya faɗi.

Ranar Asabar Baffa ya zo, da motar da ya share bayanta don kayan yara. Muka zauna a falo ana ta gaisuwa, kowa ya san abin da ke tafe. Na tashi zan kawo ruwa, Yaya ta ce in zauna. Ita ta shigo da tire, ba ta rufe hannunta da komai ba. Kofunan gilashi suna karo da juna, ƙyal-ƙyal-ƙyal, tun daga ƙofar kicin. Baffa ya yunƙura zai karɓa. Ta ce, "Bar shi, Baffa. Rawa yake so, mun bar shi ya yi." Ƙaramar 'yarta da ke zaune a ƙasa ta ji ƙarar kofunan, ta fara kaɗa kafaɗa tana bin su. Yaya ta dube ta, ta saki dariyar nan tata, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta taga.

Baffa ya daɗe yana kallonsu. Ya ɗauki kofi ya sha, rabin ruwan yana cikin tire. Sannan ya yi gyaran murya ya ce, "To, waɗanne littattafai aka ce a saya musu bana a makarantarsu ta nan?"